Mun sa na'urar biya da kati a wajen wankin motarmu, ga yadda ta kaya

Tun ƙarshen 2021 ni da wani yayana muke riƙe da ɗan wajen wankin mota a gefen Kolombus, jihar Ohayo a nan Amurka. Irin wanda mutum ke wanke motarsa da kansa ne, ba yaro ko ɗaya, ka shigo da mota cikin rumfa ka zuba kuɗi a akwatin da ke jikin bango, taima ta fara ƙirga maka mintoci, ka ɗau bindigar ruwa ka murɗa zuwa sabulu ko buroshin kumfa ko ɗauraya. Rumfa biyar gare mu, sai injin zuƙe ƙura huɗu a waje. To a irin wannan sana'a akwatin nan na bango shi ne kashiya, shi ne manaja, in ya ƙi karɓar kuɗi ranar ba ka buɗe shago ba ko da ruwa na zuba.

Da muka saya kusan komai da kwata yake aiki, wato sulen nan na senti 25. Wanda bai taɓa kwasar kwata a watan Janairu ba ba zai gane ba wallahi. Ƙarfe shida na safe, sanyi ya sauka ƙasa da sifili, makullin akwatin ya daskare sai ka hura masa wuta da 'yar leta, ka zura hannu ka kwaso sulalla jiƙe da ruwan sabulu kana zubawa a bokitin fenti, yatsunka ba ka ma jin su. Kwata ɗaya giram 5.67 ce, kenan dala 500 sulalla 2,000 ne, sama da kilo 11, kuma sai ka shanya su a kan tawul sun bushe kafin injin ƙirga ya yarda ya karɓa. Ga ɓarayi. Sau biyu ana huda mana akwati da dirila, kuɗin da suka ɗauka bai kai na gyaran ƙofar ba, abin da ya fi ƙona min rai kenan.

Rumfa biyu daga ciki suna da tsohuwar na'urar kati da mai wurin na da ya bari, muna ta murna mun samu a ɓagas. Ashe da 3G suke magana da banki. A 2022 kamfanonin waya na Amurka suka kashe 3G ɗaya bayan ɗaya, na farko cikin manyan a Fabrairu, na ƙarshe ranar 31 ga Disamba, namu kuwa na Fabrairun ne ya ritsa da su. Kuma Fabrairu nan ita ce kakarmu, domin gishirin da ake watsawa a titi saboda dusar ƙanƙara yana cin ƙarfen mota, rana na ɗan fitowa kowa sai ya yo wajen wanki, layi har bakin titi. Muka wayi gari fitilar na'ura tana ci amma ba ta karɓar komai. Laifinmu ne, ba mu tambaya ba lokacin ciniki, mun tsaya duba famfo da tukunyar dafa ruwa. Yaya ya ce kawai mu cire mu koma kwata zalla mu huta, na ce Yaya yaran yanzu ko walat ba sa ɗauka, waya ce kawai a hannunsu, in ka ce su nemo kwata goma sha biyu wucewa za su yi.

Sai muka shiga neman sabuwa. Wani dillali da ba zan kama sunansa ba ya zo da jaka da murmushi, wai na'urarsa kusan kyauta ce, cajin kawai kashi 2.9 cikin ɗari da senti 30 a kan kowace goga kati. Yaya har ya fara gyaɗa kai don ya ji kashi 2.9 ba yawa. Na ɗauko biro a bayan risit na yi masa lissafi. Farashin fara wanki a wajenmu dala 3 ne, kashi 2.9 ɗinsa bai kai senti 9 ba, amma ka ɗora senti 30 ya zama kusan senti 39, wato wajen kashi 13 na kuɗin ya tafi kafin ka biya ruwa da gas da sabulu. Injin ƙura kuwa na dala ɗaya da rabi, senti 34 za a cire, sama da kashi 22. Wannan tsarin an yi shi ne don mai sayar da takalmin dala 80, ba don mu masu tara taro da sisi ba. Kuma da na karanta takardar akwai yarjejeniyar shekaru da tara in ka fita kafin lokaci. Muka ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Daga ƙarshe zaɓi ya tsaya tsakanin guda biyu da za ka fi gani a wuraren wanki a nan, Nayax da CryptoPay, kuma ginin su ya sha bamban.

Nayax kamfanin Isra'ila ne, na faɗa don na san akwai masu duba wannan kafin su sayi abu. Su ne za ka gani a jikin injinan sayar da lemo da biskit, 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa. Samfurinsu VPOS Touch yana da allo, yana karɓar goga kati da zura kati da kuma ɗora kati ko waya. Kowace na'ura da layinta na waya a ciki, ba ruwanta da intanet ɗin wurinka, in ɗaya ta samu matsala sauran na aiki. Amma fa kowace ɗaya da kuɗinta na wata, mu kuma wurare tara za mu saka, biyar a rumfa huɗu a injin ƙura, kaga kuɗin wata sau tara ko an yi ciniki ko ba a yi ba, har da watannin da ruwan sama ke wanke wa mutane mota kyauta. Wanda yake da rumfa biyu ko wurin da jawo intanet zai yi wuya, gaskiya ita zan ce ya duba da farko.

CryptoPay kuma na nan Amurka ne, don wuraren wanki da makamantansu aka yi shi. Akwai ɗan akwati guda da ake sawa a ɗakin inji a jona shi da intanet, sai ƙananan na'urorin da ke rumfuna su riƙa magana da shi ba waya. Abin da ya ja ni gare shi shi ne yana haɗe cajin mutum ɗaya. Kwastoma ya yi wanki, ya matsa ya zuƙe ƙura, lokaci ya ƙare ya sake gogawa, duk a dunƙule su tafi banki a matsayin ciniki ɗaya, kenan wancan tsayayyen cajin sau ɗaya zai hau kanka ba sau uku ba. A sana'ar da cinikinta dala biyu dala uku ne wannan ba ƙaramin abu ba ne. Asalin na'urar ta goga kati ce, ta ɗora waya daban ake sayenta a ƙara, CryptoTap suke ce mata. CryptoPay ɗin muka ɗauka, da ta ɗorawar a duka rumfuna biyar.

Kar wanda ya yi tsumulmular barin ta ɗorawar. Tun Oktoban 2015 dokar kamfanonin kati a Amurka ta canza, in kati mai cif ne aka yi jabunsa aka goga a na'urar da ba ta karanta cif, asarar kan mai shago take komawa. A wajenmu kuɗin ƙanana ne ba za su karya ka ba, amma ni abin da na gani da idona shi ne bayan katin mutane duk ya goge, ga hannu jiƙe, mutum ya goga sau uku bai shiga ba ya yi tsaki ya ja motarsa. Ɗorawa kuwa ƙit, an gama. Yanzu mafi yawan masu biya da kati a wajenmu ɗorawa suke, da waya ko agogo ma.

Sakawa ba ta ba mu wuya sosai ba. Akwatunan bangon na bakin ƙarfe ne mai kauri, sai da muka sayi haƙoran dirila masu kyau, biyu suka ƙone kafin na koyi a hankali ake yi ana ɗiga mai. Wayoyin kuwa kaɗan ne, wutar bolt 24 da ke cikin akwatin ita take ci, sannan a haɗa ta da taima. Tsofaffin taimominmu biyu ne suka ƙi jituwa da ita muka canza su, wannan kuɗi ne da ba mu sa a lissafi ba, don haka kafin ka yi oda ka buɗe akwatinka ka ɗau hoton taimar ka tura wa mai sayarwa. Rumfa ta biyar da ke can ƙarshe bayan bangon bulo biyu ita ce sigina ke yi mata rauni, da muka ɗaga ɗan akwatin nan na ɗakin inji sama kusa da rufi shi kenan ta daidaita.

Inda kuɗin yake na gaske shi ne yadda ake ƙirga lokaci. Da kwata lokaci sauka yake, ka zuba dala 3 a ba ka minti 4, ƙararrawa ta fara ƙara kai kuma ka hau gudu kana ɗauraya, in kwatarka ta ƙare ka tafi da kumfa a bamba. Da kati mun sa shi ya riƙa hawa, wato ka ɗora kati ruwa ya zo, kuɗi na ƙaruwa har sai ka danna maɓallin tsayawa. Mutum ba ya sauri, zai wanke taya, ya fito da tabarmin ƙafa, ya sa kakin sheƙi. Mai kati kusan kullum ya fi mai kwata daɗewa a rumfa, ban taɓa duba rahoton wata na ga akasin haka ba.

Amma nan ɗin ne muka sha kunya. Sati na biyu wata dattijuwa ta kira lambar da ke jikin bango ranta a ɓace, wai ta yi wankin minti shida an cire mata dala 20. Na duba, ashe ta gama ta rataye bindiga ta tafi ba ta danna maɓalli ba, lokaci ya yi ta tafiya har ya kai iyakar da muka sa, wani ma ya shigo bayanta ya wanke tasa motar a kuɗinta. Na ce ki yi haƙuri Mama, laifinmu ne, na mayar mata da kuɗinta ta shafin kamfanin a take. 'Yar takardar da muka liƙa ƙarama ce kamar ta maganin ciwon kai, wa zai karanta da ruwa a fuska. Washegari muka buga manyan alluna ja da fari, ɗaya a saman na'ura ɗaya a inda ake rataye bindiga, muka kuma sauke iyakar zuwa dala 12. Kiran ya ragu sosai. Wani kiran da har yau ake yi shi ne na masu ganin banki ya riƙe musu wasu daloli kafin ainihin cajin ya fito, wannan sai dai ka yi bayani, yana sakin kansa.

Raunin tsarin akwati ɗaya kuwa a fili yake, in intanet ɗin wurin ya ɗauke duk na'urorin sun zama ado. Ya faru da mu wata Asabar da aka yi iska, kamfanin intanet ɗinmu bai gyara ba sai Litinin. Abin da ya cece mu kwata. Shi ya sa duk mai ce maka ka toshe ramin sulalla ka koma kati zalla, ka ce masa ka ji. Mun ƙara rauta mai sim, wato na'urar ba da intanet, da ke karɓa da kanta in babban layi ya faɗi, da ɗan batir na ko-ta-kwana, amma ramin kwata na nan. Akwai direbobin tasi da masu aikin gini da tsofaffi da har gobe da gwangwanin sulalla suke zuwa, kuma wannan kuɗin ba mai cire maka ko senti. Bambancin kawai yanzu sau ɗaya a sati nake kwasa maimakon uku, bokitin ma da hannu ɗaya nake ɗauka, ɓarawon da ya huda akwati kuma wahalar banza zai sha.

Injin canji dai, mai karɓar takardar dala ya zubo kwata, shi ne har yanzu muke gardama a kai da Yaya. Ya tsufa, takarda in ta jiƙe ba ya karɓa, sabo kuma da tsada. Shi yana so mu koma tokin, wato sulallan wuri da ba sa aiki ko'ina sai wajenka, saboda ya tuna 2020 lokacin da sulalla suka yi ƙaranci har babban bankin Amurka ya taƙaita abin da yake ba bankuna, masu wajen wanki da na wankin kaya suka yi ta bin mutane suna roƙon canji. Ni kuma ina ganin kati ya riga ya rage mana wannan matsalar, kuɗin gara a sa a sabon famfo.

Wani ƙanenmu a Kano ya ga hotuna ya ce zai yi irinsa a can. Na ce masa abu na farko babu sulen da ke yawo a hannun mutane balle ya yi aiki a rami, sai dai ya sayar da tokin a bakin ƙofa ta POS ko tiransifa, wanda tun wahalar takardun naira ta farkon 2023 kowa ya saba. To in dai sai ka ajiye mai sayar da tokin da mai tada janareto, me ya rage na wanki da kanka, ga kuma Alhajin da ba zai sauko da babbar riga ya riƙe mesa ba alhali ga yaro zai wanke masa har ciki.

In maki ne, CryptoPay ina ba shi 8 cikin 10 a wuri irin namu mai na'urori da yawa da intanet mai kyau. Biyun da na rage na dogaro da akwati ɗaya ne da kuma sai ka sayi ta ɗorawa daban. Injinan ƙura biyu har yanzu goga kawai suke karɓa, su ne aikin da ke gabana kafin sanyi ya shigo.