Katin launin da na tafi da shi duwatsun Azbin, ga yadda muka kwashe da shi

Jama'a tun da na dawo daga Agadas mutane ke tambayata wace filta na saka wa hotunan nan, to gaskiya ba filta ba ce, wani ɗan kati ne da bai fi tafin hannu ba, gefe ɗaya gidajen launi 24, ɗaya gefen kuma ruwan toka zalla irin wanda masu hoto ke cewa toka 18%. Na siye shi ne saboda haushin tafiyar farko, shekarar da na je Timiya, wani gari a cikin duwatsun Azbin, na dawo da hotuna sun fi ɗari uku amma da na buɗe su a kwamfuta wallahi kamar ba wurin da na je ba, duwatsun da na gani da idona ruwan makuba da ja-ja duk sun koma ruwan siminti, rairayin ma ya yi fari fat kamar gishirin Bilma. Abin ya dame ni sosai don ba wurin da mutum zai ce bari in koma gobe ba ne, hanya ce mai wuya kuma sai da jagora da takardu.

Daga baya na gane ni na bar kyamara ta yi min zaɓi. Saitin nan na AWB, wato inda ita kyamarar ke daidaita fari da kanta, idan ta ga hoto ya cika da ja da ruwan goro sai ta ɗauka hasken ne ya yi ja da yawa, sai ta zuba shuɗi don ta gyara, alhali dutsen ne haka Allah ya yi shi. Shi kenan ta kashe maka launin da ka yi tafiyar kwana da kwanaki dominsa. Aikin katin ke nan, ka ajiye shi a cikin hasken da ke kan dutsen ka ɗauki hoto ɗaya da shi, in ka dawo gida ka buɗe a Lightroom, manhajar gyaran hoto, ka taɓa gidan tokar da ɗan tsinken nan na saitin fari, sai ka kwafe saitin ka zuba wa sauran hotunan da ka ɗauka a wannan hasken. Amma fa sai ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don a JPEG, wanda ta riga ta sarrafa ta matse, in launi ya tafi jawo shi da wuya, wayoyi da yawa ma yanzu suna da RAW ɗin in ka shiga ɓangaren Pro.

Inda ya fi burge ni shi ne Dabus, wajen raƙuman dawan nan da aka sassaƙa a jikin dutse, tsakanin Agadas da Arlit. Babban ya kai mita 5.4, kuma an yi shi ne tun zamanin da wurin yake da ruwa da ciyawa, shekaru dubbai da suka wuce. Dutsen na yashi ne, kuma ba launi ɗaya ba ne, sama akwai wani duhu-duhu kamar an shafa masa mai ya bushe, wannan wata fata ce siririya da ƙarfe da manganis ke yi wa dutsen hamada a hankali a hankali cikin dogon zamani, inda ta ɓare kuma sai ka ga cikin ruwan zuma. Ba tare da kati ba duk wannan bambancin haɗewa yake yi ya zama ruwan ƙasa guda. Da na taɓa tokar sai ga zanen jikin raƙumin dawan ya fito ɗaya bayan ɗaya, har layin nan da ya taso daga bakinsa ya sauko wajen ɗan mutumin da ke ƙasa. Na daɗe ina kallon hoton nan a daren da na gyara shi.

Wani abu kuma da ban yi tsammani ba, rawanin jagoranmu. Bawan Allah Buzu ne, yana da turkuɗi irin na Kura mai sheƙi, kowa ya san launin nan ba shuɗi ba ne kawai, akwai wani ja-ja a cikinsa in rana ta buge shi. Kyamarata kullum shuɗin bokiti take mayar da shi. Gidajen launi 24 ɗin nan su suka yi maganin wannan, don da su ake yi wa kyamara abin da ake kira furofayil, wato ka koya wa manhaja yadda taka kyamarar ke ganin kowane launi. Sau ɗaya na yi da hantsi cikin rana tsantsa kuma shi nake amfani da shi har yau. Da na tura masa hoton cewa ya yi yanzu ne ya ga rawaninsa.

To amma ga inda zan ja kunnen duk wanda zai siya, don nan na kusa yin asara. Kada ka bi katin nan da la'asar sakaliya ko da fitowar rana. Ranar farko na ajiye shi wajen ƙarfe biyar da rabi lokacin da duwatsun suka kama wuta jawur, da na taɓa tokar sai duk zinaren nan ya gudu, hoton ya koma kamar na azahar. Kuma ba laifinsa ba ne, shi aikinsa ya cire launin haske ya bar launin abu, alhali a wannan lokacin launin hasken shi ne hoton gaba ɗaya. Hasken tsakar rana wajen 5500K yake (K ɗin ma'aunin launin haske ne, in lambar ta sauka haske ya yi ja, in ta hau ya yi shuɗi), na faɗuwar rana yana sauka wajen 3000 da wani abu, inuwa kuma tana haurawa 7000. Abin da nake yi yanzu, da yamma ina kulle kyamara a 5500 in ƙyale ta, jan ya shigo yadda ido ya gan shi. Katin kuwa na tsakar rana ne da inuwa, musamman cikin kwazazzabo irin na wajen ruwan Timiya inda inuwa ke sa baƙin dutse ya yi shuɗi-shuɗi.

Sai ka kula da inda ka ajiye shi. In ka kwantar da shi kusa da rairayi ko ka jingina shi da jan dutse, hasken da ke dawowa daga ƙasa zai rina shi, sai lissafin ya karkace hoto ya yi sanyi. A sa wani ya riƙe shi daidai ƙirji yana fuskantar kyamara, a ɗan karkata shi kada ya yi ƙyalli. Ƙura ma matsala ce, mu a Janairu muka je cikin hunturu, kwana biyu kacal tokar ta fara komawa ruwan ƙasa, kuma fuskar katin ba ta son ruwa ko yatsa, da abin hura iska na gilashin kyamara nake share shi in mayar cikin leda. Nawa bai zo da gida mai tauri ba har kusurwa ɗaya ta lanƙwashe a jaka, in za ka siya nemi mai murfi.

Kuma ba ya maganin hazo, wannan a sani. Ranar da hazo ya sauko sama fari take yi, duwatsun nesa su dushe, ko filtar CPL, wadda ake ɗaura wa gilashin kyamara don rage ƙyalli, da na dogara da ita ba ta yi wani abin kirki ba a ranar, sai dai ka matso kusa ka ɗauki jikin dutse ka bar sama. Haka kuma ba ya hana ja ƙonewa, wato haske ya yi masa yawa a hoton, allon kyamara cikin ranar can ba ya faɗin gaskiya, histogiram na ja nake dubawa, wato jadawalin da ke nuna yawan hasken ja a hoton, in rage haske kaɗan in na ga ya manne da bangon jadawalin.

In Allah ya kai mu baɗi Bagzan nake son hawa, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijar, mita 2,022, kuma katin nan yana cikin jaka tun yanzu, sai dai zan ƙara siyan na biyu in bar shi a leda ba a buɗe ba don in riƙa gwada ko na farkon ya koɗe.