Tsohon hoton gilashi da sabuwar kyamara: wanne ya fi nuna inda astaroyid yake?

Malam, ka tambaya ko akwai sauran amfanin auna matsayin astaroyid, wato duwatsun nan masu kewaya rana, daga tsofaffin hotunan na'urar hangen nesa, tunda ga kyamarorin zamani. Akwai ƙwarai, sai dai kowanne da inda ya fi ƙarfi.

Wajen daidaiton awo, sabuwar kyamara ta yi wa tsohon hoto fintinkau. Ita ke rubuta lokacin ɗauka da kanta, kwamfuta ta fitar da matsayin nan take. Hoton gilashi kuwa, irin wanda Max Wolf ya fara gano astaroyid da shi a Jamus a 1891, sai da haƙuri. Sau da yawa dutsen ba ɗigo yake fitowa ba, ɗan layi ne, domin yana tafiya yayin da ake ɗaukar hoton. Dole ka auna tsakiyar layin, ka haɗa da tsakiyar lokacin ɗauka. Lokacin nan kuma da hannu aka rubuta shi a littafi. Idan marubucin ya kuskure, awonka ya kuskure tare da shi.

To me gilashi ya fi? Shekaru. Wanda ya ga mota sau biyu a gadar Kawo cikin daƙiƙa biyar bai san saurinta kamar wanda aka shaida masa lokacin da ta baro Zariya ba, ko da mai shaidar ya ɗan kauce kaɗan. Haka lissafin falakin dutse yake, wato hanyar da yake bi wajen kewaya rana.

A Maris 1998 aka firgita cewa wani astaroyid mai suna 1997 XF11 zai iya gittawa dab da duniya a 2028. Sai aka tono hotunansa na 1990 daga cibiyar binciken sararin samaniya ta Palomar a Amurka, lissafi ya nuna zai wuce da tazarar fiye da kilomita 900,000. Wannan labarin ne ya sa nake ganin girman waɗannan hotuna.

Abin da ya fi burge ni, yanzu ana sake auna tsofaffin hotuna da jadawalin taurari na tauraron ɗan'adam Gaia, wanda aka harba a 2013. Amma a kula, taurarin ma suna gusawa, sai an mayar da su inda suke a shekarar hoton. Jami'ar Harvard kaɗai tana da irin waɗannan hotunan gilashi fiye da 500,000, kuma an saka mafi yawansu a kwamfuta. In hazo ya rufe mana sama a Kaduna, daga nan za ka fara.