Ogoni ko Zamfara: ina sabon injiniya zai fara aikin gyaran gurɓatacciyar ƙasa?

Ɗan'uwa, ka ce ka kammala digirin injiniya da hidimar ƙasa, kana son aikin gyaran ƙasar da guba ta lalata, amma ka rasa ko ka nufi yankin mai na Ogoni a jihar Ribas ko ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara. Irin gubar ce za ta yanke abin da za ka koya.

Ɗanyen mai yana ruɓewa. Idan aka kafce ƙasar, aka riƙa juya ta tana shan iska, aka zuba mata taki, ƙananan ƙwayoyin halitta suna cinye shi a hankali. Wahalarsa ita ce nutsewa har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano cewa a rijiyoyin garin Ogale da ke Ogoni, sinadarin benzene mai haddasa sankara ya ninka ma'aunin hukumar lafiya ta duniya sau 900, ya kuma ƙiyasta cewa farfaɗo da Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30. Aiki mai wannan tsawo yana riƙe ma'aikaci, kuma a hannun 'yan kwangilar HYPREP, shirin gwamnatin tarayya na tsabtace Ogoni, za ka koyi haƙa rijiyoyin gwaji, ɗibar samfuri da rubuta rahoto.

Dalma kuwa ba ta ruɓewa, ko ta shekara ɗari. A 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, dole aka kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya, aka binne ta a rami, aka shimfiɗa sabuwa, ana bin kowane lungu da na'urar XRF mai auna yawan dalma a ƙasa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun dage cewa sai an gyara gari kafin magani ya yi amfani, domin yaron da ya koma gidan da ke da gubar zai sake sha. Shi ya sa yaran ƙauyen Bagega suka jira magani har 2013, lokacin da aka gyara garin. A nan Hausarka jari ce, tunda ba a shiga gidan mutum da awo sai mai gari da maigida sun yarda. Sai dai aikin yana zuwa ne idan an saki kuɗi, ya tsaya idan sun ƙare, ga matsalar tsaro.

A ganina, ka fara da ɓangaren mai na shekara biyu ko uku, domin sanin tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi wuyar samu, kuma wanda ya iya shi ba zai sha wuya a aikin dalma ba. Kafin ka karɓi aiki, ka tambaya ko akwai injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, da zai sa hannu a kan ayyukanka, domin za a nemi wannan shaidar ranar taka rajistar.