Tattaki ko atisayen ƙarfafa jiki, wanne ya fi wa wanda ya haura hamsin?

Yawancin mutane in an ce su motsa jiki, tattaki kawai ke zuwa musu a rai. Kuma gaskiya tafiyar ƙafa tana da amfani, tana taimakon zuciya, tana sassauta hawan jini da suga, in ka samu abokin tafiya ma hira ta rage maka kaɗaici. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na irin wannan motsa jiki a sati.

Amma tattaki bai cika riƙe tsoka ba. Tun daga shekara 30 tsoka ke fara zaizayewa a hankali, bayan 60 sai abin ya ƙara gudu, shi ya sa za ka ga dattijo mai yawo kullum amma tashi daga ƙasa sai ya dafa bango, wallahi wannan yana damuna sosai. Nan atisayen ƙarfi ya yi zarra, kuma ba sai an je jim, wato gidan motsa jiki, ba, ka zauna ka tashi a kujera sau goma, ka tura bango, ka ɗaga abu mai ɗan nauyi, kwana 2 a sati. Yana ƙarfafa ƙashi, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, yana kuma rage faɗuwar da ke jawo karayar ƙugu.

Sai dai yana son a koya daidai, mai ciwon zuciya ko gwiwa ya fara ganin likita. Ni dai bayan hamsin in an ce ɗaya, ƙarfin zan ɗauka, tafiya ana samunta ko a zirga-zirgar gida.