Kantin maganin da ya ƙi sayar mini da kwalbar da na je saye

Shekara 35 na yi ina aikin malamin gona, mafi yawansu a kan babur tsakanin Funtua, Bakori, Danja da Malumfashi. Da damina ina iya zagaya ƙauye huɗu kafin azahar, in dawo gida har in leƙa tawa gonar. Na ajiye aiki a 2019, kuma shekara biyun farko ban ga wani canji ba. Daga baya ne kasala ta fara shigowa, ba sallama. In na dawo daga sallar asuba sai in koma in kwanta har ƙarfe tara, in tashi kamar wanda ya kwana yana noma. A majalisar ƙofar gidan Alhaji, inda mu 'yan fansho muke taruwa bayan la'asar, an sha tashina daga gyangyaɗi ana tsakiyar gardamar siyasa. Tafin ƙafata kuma ya riƙa yi mini kamar kiyashi na yawo a ciki. Duk wanda na kai wa kuka amsarsa ɗaya ce: "Malam, tsufa ne, sai haƙuri."

Ni kuwa haƙurin nawa a kemis na yi shi. Akwai wani yaro a kusa da tasha da nake saye a wurinsa, shi ya haɗa ni da maganin ƙarin jini na kwalba, sannan ya ƙara mini da wani na buɗe ciki, wai in na ci abinci sosai ƙarfi zai dawo. Ranar kasuwa kuma na sayi wani jiƙo a jarka wurin masu mota da lasifika, wanda aka ce yana maganin basir, sanyi, mutuwar jiki da wasu cututtuka bakwai. Haka na yi wata wajen takwas. Abin kunyar shi ne, ni ne mutumin da ya shekara 35 yana hana manoma zuba taki don kawai sun ga masara ta yi rawaya. Nakan ce musu a tona a duba tukuna, wataƙila wuta-wuta ce ta kama saiwa, wataƙila ruwa ne ya kwanta a gindin. Da abin ya zo kan jikina, buhun takin na ɗauka na yi ta zubawa.

Ranar da na fara shiga kantin da nake son yin magana a kansa, ba niyya ce ta kai ni ba. Na tarar yaron tasha ya rufe, mijin 'yata ya ce in gwada wancan mai ƙofar gilashi da ke bakin titi. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai abubuwan da zan kushe, kuma ba na son a ce Baba ya je intanet ya ɓata wa mutane kasuwa.

Da shiga za ka san ba kemis ba ne. Akwai firji da ke aiki da hasken rana saboda allurar masu ciwon suga, a bango kuma an maƙala lasisin Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, wato PCN, da hoton mai lasisin. Mu a nan duk inda aka jera magani kemis muke ce masa, amma a doka iri biyu ne. Mai ƙaramin shago an ba shi izinin sayar da magungunan yau da kullum ne kawai, irin waɗanda ba sa buƙatar takardar likita. Kanti irin wannan kuwa dole a samu wanda ya karanci harhaɗa magunguna a jami'a yana kula da shi. A nan wata matashiya ce, ba za ta girmi 'yata ta biyu ba.

Na miƙa mata tsohuwar kwalba na ce a ba ni irinta guda biyu. Ta juya ta, ta karanta bayanta, ta ɗago ta ce, "Baba, wa ake saya wa?" Na ce ni. Ta ce, "Tun yaushe ake sha?" Na faɗa mata. Ta tambayi ko ana shan wani magani ban da wannan, na ce na suga da na hawan jini. Sai ta ajiye kwalbar a gefe, ta ce, "Baba, a yi haƙuri, yau ba zan bayar ba. Gobe in Allah ya kai mu a haɗo mini duk abin da ake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, kada a bar ko ɗaya."

Gaskiya raina ya ɓaci. Kuɗina ne, jikina ne, ga yarinya tana ba ni aikin gida. Na fita ina cewa ba zan dawo ba. Hajiya ce ta kwashe kwalaben da kanta ta zuba a leda ta rataya mini a babur.

Washegari matashiyar nan ta kantin ta zazzage ledar a kan tebur, ta jera su kamar mai rabon gado. Kusan minti arba'in muka yi, kuma ba ta karɓi ko sisi na wannan zaman ba, sai ɗan abin da na biya na awon suga da na jini. Kwalbar buɗe ciki ta fara ɗauka, ta nuna mini wani suna da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, cyproheptadine. Ta ce asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana sa cin abinci, amma yana sa barci da nauyin jiki, kuma ya fi kama tsofaffi. Wato ni da kuɗina nake sayen gyangyaɗin da ake yi mini dariya a kansa. Jiƙon jarka ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta ce ba lambar NAFDAC, ba jerin abin da ke ciki, don haka ba ta da abin da za ta ce a kansa illa a daina, musamman ga mai ciwon suga da ya kamata ya lallaɓa ƙodarsa.

Sai maganin hawan jini. Ashe ƙwayar da nake sha haɗi ce, akwai mai sa fitsari a cikinta. Likita da safe ya ce in sha, ni na mayar da ita dare saboda wani abokina a majalisa ya ce ta fi aiki a haka. Ta tambaye ni sau nawa nake tashi fitsari, na ce huɗu, wani lokaci biyar. Ta yi murmushi kawai ta ce a mayar da ita safe kamar yadda aka rubuta.

Inda ta fi daɗewa shi ne kan metformin, maganin sugan da nake sha safe da yamma tun 2011. Ta ce magani ne mai kyau, kada in kuskura in daina. Sai dai wanda ya daɗe yana shan sa, hanjinsa na iya rage tsotsar wani sinadari da ake kira bitamin B12, wanda jiki ke buƙata wajen ƙera jini da kuma lafiyar jijiyoyi. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa ƙarancinsa ba ya bayyana da wuri, sai rumbu ya yi ƙasa a hankali mutum bai sani ba. Ga shi kuma cikin tsoho ba ya narka abinci ya fitar da shi kamar na yaro. Ba a samun sa a tuwo ko wake ko ganye, sai a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Nan na yi shiru, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nama ya zama baƙo a gidana, sai dai ranar Juma'a, shi ma don miya ta ji ƙamshi. Ta ƙara da wani abu da ya tsorata ni: irin maganin ƙarin jinin da nake sha yana ɗauke da folic acid, wanda kan iya gyara awon jini ya yi kyau a takarda alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa.

Abin da ya sa na yarda da ita shi ne ba ta yi mini likitanci ba. Bitamin ɗin yana nan a kan kanta a bayanta, da ta miƙo mini da na biya. Cewa ta yi, "Baba, ni zato nake yi, likita ne zai tabbatar." Ta rubuta gwaje-gwaje huɗu a takarda, na yawan jini, na B12, na ƙoda da na maƙoƙo, ta ce in nuna wa likitan da ke duba ni ya ga ko ya amince.

Ya amince. Awon jinina ya fito 11.2, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namiji babba in ya gaza 13 yana da ƙarancin jini. Na B12 ba a yi a nan, sai da aka aika Zariya, ya ɗauki kwana tara, ya kuma ci mini wajen rubu'in fanshon wata. Ya dawo ƙasa sosai. Ƙoda da maƙoƙo lafiya lau, alhamdu lillahi. Likita ya rubuta allurai, da farko a jere, daga baya a tsattsaye, ya bar mini metformin ɗina yadda yake.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka na koma ɗan shekara 40. Barcin dare ne ya fara gyaruwa, cikin mako guda da mayar da ƙwayar nan safe. Gyangyaɗin la'asar ya tafi tare da kwalbar buɗe ciki. Ƙarfin jiki sai da aka yi wata biyu kafin in ji shi, ranar da na hau babur na je gona na dawo ban kwanta ba. Kiyashin ƙafa ya ragu amma bai tafi ba, likita ya ce jijiya ba ta saurin warkewa, kuma suga ma yana da nasa hannu a ciki. Sauran gajiyar da ta rage kuwa tawa ce, ta shekaru da ta zama. Mutumin da ya saba yini a tsaye ya koma tabarma shekara biyar, dole naman jiki ya zube. Matashiyar nan ta kantin ce ma ta gaya mini cewa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga waɗanda suka kai 65 ita ce motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Na lissafa, na daina sallar la'asar a masallacin ƙofar gida, na koma wanda ke bayan makarantar firamare, minti goma sha biyu zuwa, goma sha biyu dawowa.

To, ga inda kantin ya gaza. Na farko tsada. Metformin ɗin da nake saye a tasha ya fi araha nesa ba kusa ba, ko da yake ban san daga inda nasa yake fitowa ba, kuma araha ba ta ado. Duk da haka ɗan fansho aljihunsa yake dubawa kafin ya dubi lasisin bango. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, ita mai ilimin ba ta zama sai daga ƙarfe huɗu zuwa bayan isha'i. In ka je da safe yara biyu za ka tarar, masu ladabi ne, amma duk abin da ka nuna za su ɗauko maka su karɓi kuɗi. Na gwada su da kaina, na tambayi kwalbar buɗe cikin nan, yaron ya miƙo mini ba tambaya. Na gaya mata, ta ce za ta yi musu magana. Ban sake gwadawa ba.

Sai matakala uku masu tsayi a ƙofa, ba ƙarfen dafawa, a wurin da rabin masu shiga tsofaffi ne. Kujera biyu ce kacal a ciki. Na'urar cirar kuɗi kuma tana yawan cewa ba sabis, don haka a riƙe tsabar kuɗi. Rubutun da suke yi a jikin ledar magani ƙanana ne ƙwarai, sai da na roƙa aka riƙa ja mini layi, ɗaya na safe, biyu na dare.

Na tura mutum uku daga majalisarmu. Ɗaya an gano hawan jini da bai san yana da shi ba. Ɗaya ta ce masa ba ta ga komai a ledarsa ba, ya je asibiti a duba minsharin da matarsa ke ƙorafi a kai. Na ukun ya dawo yana faɗa, wai yarinyar ta cika tambaya kamar alƙali, ya koma wurin yaron tasha.

Wanda zai je, ya je bayan la'asar, ya tafi da katinsa na asibiti da duk abin da yake haɗiya, har da wanda yake jin kunyar nunawa. Ranar Laraba zan kai Hajiya. Ta riga ta haɗa tata ledar, na leƙa na ƙirga kwalba biyar, biyu ko takarda babu a jikinsu.