Gargaɗi ga masu ɗakin gwaji: a yi hattara da dillalan sentirifuj na bogi

Assalamu alaikum. Wannan jan kunne ne ga masu shirin buɗe ɗakin gwaji, da masu asibitoci da ɗakunan shan magani, da ma'aikatan lab da ake danƙa wa kuɗi su sayo kayan aiki. Akwai dillalai da ke tallan sentirifuj, injin da ke juya kwalaben jini ko fitsari da gudu don raba ruwa da ƙwayoyi, a WhatsApp da Facebook waɗanda suka gano cewa yawancin masu saye ba su da abin auna gudun injin, kuma a nan suke cin kasuwarsu.

Damfarar da kowa ya sani ba sai an tsaya a kanta ba: hoton da aka kwaso daga shafin kamfani, farashi mai arha fiye da kima, labarin cewa kayan gwanjon kwastam ne kuma saura biyu, sai a ce ku tura kuɗi duka zuwa asusun wani mutum, za a yi muku webil ta tasha. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma maganinsa kada ku biya sai kaya sun zo hannu. Wadda ta fi damun mu ita ce wadda injin yake isowa, ya kunnu, ya yi ta juyawa da ƙara, amma bai kai ƙarfin da aikin yake buƙata ba. A ta farko kuɗi ne suka tafi. A ta biyu majinyaci ne ke karɓar sakamakon da ba daidai ba, da hatimin lab ɗinku a kai.

Dabararsu mafi yawa ita ce su ce inji ɗaya yana yin komai, har da PCV, gwajin da ke auna kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. Ƙaramin injin nan na kan tebur mai rami shida ko goma sha biyu, wanda iyakar gudunsa juyi 4,000 a minti, ba shi da laifi a aikinsa. Yana raba siram, ruwan da ke fita bayan jini ya daskare, yana kwantar da fitsari. Amma PCV ba aikinsa ba ne. Siririn bututun kapilari da ake yin PCV da shi yana buƙatar ƙarfin g (ma'aunin ƙarfin matsi da juyin ke bayarwa) 10,000 zuwa 15,000 na minti 5, wato gudu wajen 12,000 a minti a kan faifai mai gurbi 24. Akwai injina na ƙwarai da ake canza musu rota, wato kan da ke juyawa da kwalaben, su yi duka biyun, amma motonsu yana kaiwa wannan gudun, kuma kuɗinsu ba ya kama da na ƙaramin.

Lissafin ba shi da wuya, kuma da shi za ku kama mai ƙarya tun yana tsaye. Ku auna tazara daga tsakiyar sandar da ke juyawa zuwa gindin kwalba, da santimita. Ku raba gudun da 1,000, ku ninka abin da ya fito da kansa, ku ninka da tazarar, sannan ku ninka da 11.18. Inji mai tazarar santimita 10 a gudun 4,000 zai ba da g 1,790 ko kusa da haka. Bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da PCV ke nema ba. Wannan lissafi kuma shi ke nuna cewa lambar gudu kaɗai ba ta isa a yi ciniki a kanta ba: gudun 3,000 a tazarar santimita 10 g 1,000 ne, a tazarar 15 kuwa g 1,500. Duk dillalin da ya kasa faɗa muku g na injinsa da tazarar rotarsa, ko dai bai san kayansa ba ko yana ɓoyewa.

Abin da ke faruwa idan ƙarfin ya gaza shi ne jajayen ƙwayoyin jini ba sa matsewa sosai, filasma, wato ruwan jinin, ta maƙale a tsakaninsu, sai jan layin ya fi tsawonsa na gaskiya. PCV ya fito sama da yadda yake. Mai juna biyu da jininta ya yi ƙasa, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, sai takarda ta nuna da sauran dama, a jinkirta ƙarin jini. Ga masu sikila abin ya fi muni, domin ƙwayoyinsu dama ba sa matsewa da sauƙi ko a inji mai lafiya. Kuskuren kuma kullum gefe ɗaya yake karkata, gefen da ke kwantar wa likita da hankali, shi ya sa yake daɗewa ba a gane ba.

Sauran gwaje-gwaje ma kowanne da ma'auninsa. Kwalbar siram mai jel tana son g 1,000 zuwa 1,300 na minti 10 a rota mai bokitai masu lilo, bayan an bar jinin ya daskare na rabin awa. A rota mai tsayayyen kwana a ƙara zuwa minti 15, kuma jel ɗin zai kwanta a karkace. Fitsari g 400 ne na minti 5, in ya wuce haka sosai sai abubuwan da ake nema a madubin likita su farfashe. Gwajin daskarewar jini yana son g 1,500 na minti 15. Injin da maɓallin gudunsa ya lalace, aka haɗa wayar kai tsaye don ya riƙa gudu ɗaya tal, ba zai iya waɗannan duka ba, kuma ana sayar da irinsa a matsayin mai lafiya.

Kada lambar da ke kan allo ta ruɗe ku. A injina da yawa masu arha, allon yana nuna gudun da kuka zaɓa ne, ba wanda rotar take yi ba. Moto mai burushin kabon idan burushin ya cinye, ko wuta ta yi ƙasa, gudunsa yana raguwa allon bai canza ba. Alamun cinyewar burushi su ne tartsatsi, da warin ƙuna, da baƙar ƙura a ƙarƙashin injin, da jinkirin tashi. Burushin kansa abu ne mai arha da ake canzawa, don haka ku tambayi girmansa da inda ake samu kafin ciniki. In an ce muku moton marar burushi ne, a nuna muku a takardar kamfani, ko a buɗe gindin ku gani.

Na hannu da ake kawowa daga waje na iya zama alheri, amma a nan ake yin kwaskwarima. Ana manna sunan manyan kamfanoni irin su Hettich da Eppendorf a jikin injin da ba nasu ba. Ku duba farantin bayanai na baya: samfuri, lambar siriyal, wuta. In an kankare shi ko sitika ce sabuwa a kan tsohon inji, ku ajiye. In yana nan, ku tura lambar ga kamfanin ko wakilinsa su tabbatar. Alamar CE, ta cika ƙa'idar Turai, kowa na iya bugawa, ba ta isa shaida ba. Ku duba wutar da kyau: namu bolt 230 ne, hez 50, na Amurka kuwa 110 zuwa 120, hez 60, kuma akan canza filogi kawai a miƙo muku. Da kun jona, allon wutar ya ƙone, dillali ya ce laifin wutarku ne.

Sai rota, wadda ita ce ɓangare mafi haɗari. A cire ta a duba ƙasanta da cikin ramukan da tocila. Farin gari, ko ƙananan ramuka kamar cin tsatsa, ko tsaga komai sirinta, musamman wajen kunnuwan da bokiti ke rataya, duk dalilin fasa ciniki ne. Alminiyam ba ya shiri da ruwan bilic, kuma lab da yawa da shi suke wankewa. Sabon fenti a kan rota abin tuhuma ne. Kamfanoni da dama suna buga iyakar gudu da adadin juyi ko shekarar daina amfani a jikin rota da bokiti. Ku nemi rubutun. Bokitan su zama saiti ɗaya masu nauyi ɗaya, da robobin gindinsu cikakku, domin rashin robar ne ke fasa kwalaben gilashi. Ku gwada buɗe murfi yana cikin gudu: in ya buɗu, ko an cire makullin tsaro ko dama babu shi. Duk wanda ya ce injin mai buɗaɗɗen bokiti zai yi aikin majinar tarin fuka yana wasa da rayukan ma'aikatanku; wannan aiki yana buƙatar g 3,000, da sanyaya, da bokitai masu murfin da ba ya fitar da iska.

Kafin ku cika kuɗi, a gwada injin a gabanku, a kan sitabilaiza. Ku samu takomita mai haske, wato na'urar auna gudun juyi, ko ku zo da injiniyan kayan asibiti mai ita. A manna ɗan tef mai ƙyalli a tsakiyar rota, a cika ramukan da kwalaben ruwa masu nauyi ɗaya suna fuskantar juna, a rufe, a karanta ta gilashin murfi. Kada a gwada shi fanko, domin moto mai rauni yana gudu sosai in ba kaya. A auna a ƙaramin gudu, da matsakaici, da na ƙarshe. Bambanci da allo kada ya wuce kashi 5 cikin 100. A gwada agogonsa da na waya. A bar shi ya yi minti 15 a ga ko yana tafiya a kan tebur ko yana zafi fiye da kima.

Na PCV kuwa ko ba takomita akwai gwaji. Ku ɗauki jini ɗaya na kwalbar EDTA mai hana jini daskarewa, a gauraya shi sosai, a cika kapilari bibbiyu, a juya na minti 3, wasu na 4, wasu 5, wasu 6, wasu 7. A inji mai lafiya adadin zai tsaya cak zuwa minti 5. In har yana ci gaba da sauka a minti 6 da 7, injin bai kai ba. Ku duba zoben robar da ke gefen faifan, in ya tsage jini zai riƙa fita daga kapilari.

Rasit ɗin ya ɗauki samfuri, da lambar siriyal, da iyakar gudu da g, da tsawon garanti, da sharaɗin mayarwa in gwaji ya gaza. Ku bincika sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ku biya cikin asusun da ke ɗauke da wannan sunan. Wanda aka riga aka damfara ya sanar da bankinsa nan take, ya adana hirarrakin da shaidar biya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ko hukumar kare masu saye ta FCCPC in kaya ne marasa inganci. In kuma injin ya riga ya yi aiki a lab, a dakatar da shi, a sanar da likitocin da suka karɓi sakamakon, a sake gwajin waɗanda PCV ɗinsu ya fito kusa da iyakar ƙarin jini.