Man gashi da shamfu a hunturun Jos: juya kwalbar ki karanta bayanta

Duk shagon kayan kwalliyar da kika shiga a Terminus, kantar man gashi kaɗai ta isa ta rikita ki. Kowace roba da hoton mace mai gashi har gadon baya, kowace tana alkawarin tsawo da santsi. Mun ɗauko wasu daga cikin waɗanda aka fi saye mun duba bayansu, domin a nan gaskiyar kaya take. Ƙa'ida ita ce a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka sunaye biyar na farko su ne ainihin abin da kika biya kuɗinsa. In an cika gaban roba da hoton zaitun amma sunan man zaitun yana can ƙasa bayan turare, ɗan ɗigo aka saka.

Mu fara da man kitso mai kauri, irin Blue Magic da Sulfur8. Tushensu ɗaya ne: petrolatum, wato basilin, sai mineral oil da lanolin, maiƙon da ake samu daga gashin tumaki. Babu ruwa a cikinsu. Basilin ba ya jiƙa gashi, aikinsa na murfin tukunya ne, ya tsare abin da ke ciki kada ya fita. In kin shafa shi a gashi mai danshi ya biya ki, musamman a Disamba da Janairu da iska ke busar da komai a garin nan. In kuwa a busasshen gashi kika shafa, waje zai yi ƙyalli ciki yana nan ƙayau, ranar tsifa ki ga gutsattsarin gashi a kafaɗa da haƙoran mataji. Ga shi da kama ƙura, kwana kaɗan tsagar kitso ta yi toka-toka. Abin da Sulfur8 ya ƙara shi ne farar wuta kashi 2 cikin 100 saboda amosani, da menthol mai sa sanyin nan a fatar kai. Sanyin yana kwantar da ƙaiƙayi, amma ba alamar tsirowar gashi ba ce kamar yadda ake ɗauka.

Kirim ɗin da ake shafawa a bar shi a kai, irin Cantu Shea Butter Leave-In, ya sha bamban. Sunan farko a bayansa ruwa ne, an rubuta water ko aqua, don haka shi ne mai sa laushi na gaske. Za ki ga cetearyl alcohol a kusa, kada sunan ya tsorata ki. Shi da cetyl da stearyl maiƙo ne masu laushi, mai busar da gashi shi ne alcohol denat., wanda aka fi samu a feshin gashi da wasu jel. Sunan da ya kamata ki nema a kowane kwandishana shi ne wanda ya fara da behentrimonium ko cetrimonium. Yana manne wa silin gashi ya kwantar da ɓawonsa, mataji ya wuce ba fizga. Sai gilisarin, mai jawo danshi daga iska. Da damina yana aiki sosai a Jos, da hunturu kuwa iskar ba ta da abin da za ta ba shi. Raunin kirim ke nan: ruwansa yana gudu da wuri, shi kaɗai ba ya kai ki kwana biyu. Kuma in za ki ɗora jel a kansa, ki fara gauraya su a bayan hannu. In sun yi gudaji fari-fari, haka za su yi a kanki.

To ashe man kitso da kirim ba kishiyoyi ba ne, jeri suke so. Ki raba gashi gida huɗu, ki fesa ruwan ɗumi har ya yi danshi ba tare da ɗiga ba, ki shafa kirim kamar girman goro a kowane sashe, sannan ki murza ɗan mai a tafin hannu ki rufe da shi. Bakin gashi ya fi buƙata, shi ne mafi tsufa kuma daga nan karyewa ke farawa. Duk bayan kwana biyu ko uku ya wadatar.

Wajen rufewar, mu man kaɗanya muka fi so a kan basilin. Yana rufewa, yana laushi, kuma ya fi sauƙin fita a wanki. Man kwakwa nasa aikin daban ne. Wani bincike da aka buga a 2003 daga Indiya ya gwada shi da mineral oil da man sunflower, ya nuna shi kaɗai ne ke rage zubewar furotin ɗin gashi, domin yana iya kutsawa cikin sili. Amma yana daskarewa da zarar zafi ya yi ƙasa da digiri 24, kuma kowa ya san asubar Jos. Kwalbar za ta koma fari fat, gashin da aka labta wa shi ya wayi gari a sandare. Amfaninsa a nan kafin wanki ne: cokali biyu, a bar shi minti 30 ko ya kwana, sannan a wanke. Man zurma yana da kauri da ƙyalli, sai dai ba shi da hujjar sa gashi tsirowa. Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata, ko da mai ko babu. Abin da ke raba mai dogon gashi da mai gajere shi ne nawa ya tsira daga karyewa, kuma ta nan ne garin chebe na mutanen Chadi ke taimakawa, a jikin gashi ake shafa shi ba a fatar kai ba.

A shamfu, ki dubi sunan da ke bin ruwa. Sodium lauryl sulfate shi ne mafi ƙarfi, kumfa da yawa, yana kwashe datti har da maiƙon da kai ke buƙata. Sodium laureth sulfate ya ɗan fi shi sauƙi. Cocamidopropyl betaine da decyl glucoside su ne masu taushi. Amma kada ki guji salfet, wato masu sulfate a sunansu, gaba ɗaya in kina amfani da basilin ko kirim mai silikon, wanda ake rubutawa dimethicone. Shamfu mai taushi ba ya fitar da su duka, suna taruwa har ruwa ya daina ratsa gashin. Wanki ɗaya a wata da mai ƙarfin ya isa, a bi shi da kwandishana.

Sabulun salo muna ganin girmansa a wanka, amma a gashi sai da lura. A ma'aunin pH, mai auna tsami ko kanwa-kanwar abu, gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 da 5.5, sabulu kuwa yana kai 9 zuwa 10. Wannan tazarar ce ke ɗaga ɓawon sili, gashi ya yi kaushi ya cukurkuɗe. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai nauyi ne, sabulun yana barin wani danƙo a kai. Mai son amfani da shi ta narkar da ɗan kaɗan a ruwa, ta ɗauraye da khal tuffa cokali ɗaya a kofin ruwa. Karkashi yana da kyau wajen warware gashi saboda yauƙinsa, amma ba ya cire basilin, kuma kada a jefa masa kanwa, ita ma irin matsalar sabulu take kawowa.

Amosani shi ne inda aka fi asarar kuɗi. Yawancinsa daga wani nau'in yis ne mai suna Malassezia da ke rayuwa a fatar kai yana cin maiƙo, saboda haka labta man zaitun a tsaga ciyar da shi ne. Head & Shoulders an san shi da zinc pyrithione, amma tun 2022 Tarayyar Turai ta hana wannan sinadarin a kayan kwalliya, wanda ake sayarwa a can ya koma piroctone olamine. Kina iya ganin kwalabe biyu masu suna ɗaya da magani daban, kuma dukansu suna aiki ga amosani mara tsanani. In ya yi kauri yana ɓarɓashi a kafaɗa, Nizoral mai ketoconazole kashi 2 cikin 100 ya fi ƙarfi. Inda ake kuskure shi ne ɗaurayewa nan take. A fatar kai ake cuɗa shi, a bar shi minti 3 zuwa 5, sau biyu a mako na tsawon mako biyu zuwa huɗu, sannan a koma sau ɗaya. Yana busar da gashi, kwandishana ya zama dole. Maƙeron yara kuwa, wanda gashi ke zubewa a zagaye, shamfu kaɗai ba ya kashe shi, sai maganin sha daga likita.

Akwai kuma man haɗi da ake ɗurawa a kwalba ba jerin sinadarai ba lambar NAFDAC. Wasu masu haɗin suna da gaskiya da tsafta, amma ki tambayi abin da ke ciki, ki gwada a bayan kunne ki jira kwana biyu. Duk haɗin da ke da ruwa ba sinadarin adanawa yana iya yin fumfuna cikin 'yan kwanaki. Mafi yawan masu sayen irin wannan saboda gaban goshi ne da ya cinye, kuma wannan yawanci daga jan kitso ne da ɗaurin ɗankwali mai tsanani a wuri ɗaya. In kitso ya hana ki barci ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin goshi, ki tsefe shi a ranar, ki kuma gaya wa mai kitson ta sassauta hannu. In wurin ya riga ya yi sumul watanni ba tsiro, likitan fata za ki gani da wuri, domin in tushen ya mutu babu man da zai dawo da shi.